Matafiyi Mai Jakar Goyo da Zamansa a Masaukan Araha

Daga cikin al'adun da zamani ya zo da su, waɗanda suka bazu a duniya har suka zama hanyar cin abinci ga waɗansu, abin tsegumi ga waɗansu, akwai wannan ta saurayi ko budurwa, wani lokaci ma dattijon da ya ajiye aiki, ya tattara bukatunsa cikin jaka guda ya goya ta a baya, ya bar ƙasarsu shi kaɗai babu ɗan rakiya, ya yi wata shida ko shekara yana ratsa ƙasashe, alhali ba fatauci ya fita ba, ba neman magani ba, ba kuma aiken hukuma ba, illa dai yana so ya ga duniya da idonsa. Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Paharganj da ke bakin tashar jirgin ƙasa ta Delhi, ko ya ratsa Thamel a Katmandu, ko ya bi ta titin Khao San a Bankok, lalle ya ci karo da irinsu, fuska ta sha rana, wando ya koɗe, ƙafa cikin silifa. Mutanenmu in sun ga irin wannan baƙo, tambaya biyu ke fara zo musu, wato da me yake ci, kuma ina yake kwana; waɗannan kuwa su ne jigon al'amarin, domin mutumin nan ciniki ya ƙulla: ya ba da jin daɗinsa da sirrinsa da rabin barcinsa, aka ba shi tsawon kwanaki a ƙasar da ba tasa ba. Ko cinikin ya yi riba ko ya faɗi, wannan ya rataya ne ga abin da ya yi da kwanakin.

Shi masaukin haɗaka, inda baƙi da yawa ke kwana ɗaki ɗaya kowa ya biya kuɗin gadonsa, asalinsa don 'yan makaranta aka yi shi. Wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Richard Schirrmann, wanda ya ga yadda hayaƙin masana'antu da cunkoson gidaje ke cin lafiyar yaran da yake koyarwa, yakan fita da su yawon ƙafa cikin karkara. A shekarar 1909 hadari ya rutsa da su a hanya, ba su sami mafaka ba sai a wata makarantar ƙauye, a nan kuwa tunani ya zo masa cewa ya kamata a tanadi wuraren kwana masu sauƙin kuɗi ga yara matafiya. A 1912 aka kafa masauki na farko na dindindin cikin tsohuwar fadar garin Altena, a 1932 kuma wakilan ƙasashe suka taru a Amsterdam suka kafa ƙungiyar duniya wadda har yau tana nan da sunan Hostelling International. Dokokin masaukan farko masu tsanani ne ƙwarai: maza dabam mata dabam, ba a shan giya, ana rufe ƙofa da dare a kan ƙa'ida, da safe a ba kowa aikinsa, ko shara ko wanke-wanke, sannan a kulle gidan har yamma don kada wani ya yini kwance.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amarin ya sake kama. Daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1979, dubban samarin Turai da Amurka suka riƙa bin hanyar ƙasa daga Landan ko Amsterdam, su bi ta Istanbul da Tehran da Herat da Kabul da Peshawar da Lahore, su faɗa Indiya, waɗansu su zarce har Katmandu. A Istanbul akwai wani gidan abinci kusa da Masallacin Sultan Ahmad da suka laƙaba wa suna Pudding Shop, inda aka kafa allo a bango kowa yana maƙala takardarsa, da mai neman abokin tafiya, da mai neman gurbi a mota, da mai barin saƙo ga wanda ke biye da shi. Wani Bature mai suna Tony Wheeler da matarsa Maureen sun bi wannan hanya a 1972 har suka dangana da Ostareliya, shekara ta zagayo suka buga ɗan ƙaramin littafi kan yadda za a ƙetare Asiya da kuɗi kaɗan, daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali, littattafansa suka zama jagoran matafiya na tsawon shekaru. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet cikin Afganistan, duka a 1979, su suka toshe wannan hanya, ayarin ya karkata zuwa Tailan da Indonesiya da Kudancin Amurka. Mu ma nan ba su bar mu ba, don a shekarun 1970 da 1980 sun yi ta ketowa ta hamada daga Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas da Damagaram har Kano, kafin rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar su kashe hanyar a farkon shekarun 1990.

Kada mai karatu ya ɗauka tafiyar mutum ɗaya mai ƙaramin guzuri bidi'ar Turawa ce, domin Ibn Baɗɗuɗa ya bar Tanja a 1325 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi kaɗai ba ayari, ya yi kusan shekara talatin yana sauka a zawiyoyi da makarantu da gidajen 'yan'uwantakar samari na ƙasar Anadol, har ya ratso Takedda ta yankin Azbin a 1353. Shari'a kuma ta sanya matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da ake ba zakka, fatakenmu na hanyar Gwanja su ma sun san zango da maigidan da ke saukar da baƙo. Bambancin dai shi ne, wancan masauki an gina shi kan sadaka da waƙafi ko kan amanar ciniki, shi kuwa na yau an gina shi kan kuɗin kwana, ko sisi ya rage ba a ba da makulli.

To, mu koma ga zaman yau da kullum, mu fara da jakar. Sabon shiga yakan cika ta har ta fi ƙarfinsa, saboda tsoron kada wata bukata ta taso a inda ba shi da kowa, amma bayan mako biyu na hawan matakala da gudun kama jirgi, sai ya fara barin kaya a masaukai ko ya aika da su gida. Waɗanda suka goge sun tsaya kan jaka mai cin lita 40 ko kusa da haka, dalili kuwa shi ne kamfanonin jiragen sama masu araha da yawa, musamman a Asiya, ba su yarda fasinja ya shiga da abin da ya wuce kilo 7 kyauta ba, abin da ya haura sai an biya. Abin da ke ciki bai wuce riguna uku ko huɗu ba, da wando biyu, da rigar ruwa, da tawul mai saurin bushewa, da silifar wanka, da kwaɗo, da tocila, da abin toshe kunne, da igiyar shanya, da 'yan magungunan zazzaɓi da na gudawa, da cajar waya haɗe da kan da zai sa ta shiga soket ɗin kowace ƙasa. Fasfo da katin banki da kuɗin ko-ta-kwana kuwa ba su shiga wannan jaka, suna cikin lalita a ƙugu ƙarƙashin riga, da su ake kwana, da su ake shiga wanka.

Galibi tun kafin ya iso gari ya riga ya kama gado ta wayarsa, a Hostelworld da aka kafa a Dublin a 1999, ko a Booking.com, bayan ya karanta shaidar waɗanda suka riga shi kwana a wurin, ko akwai ruwan zafi, ko kiɗan mashaya na hana barci, ko ma'aikata na da fara'a. In ya iso sai a karɓi fasfonsa a kwafa, saboda a ƙasashe da yawa doka ce, a Indiya ma an wajabta wa mai masauki ya kai rahoton duk baƙon ƙasar waje cikin awa 24. Ba a ba da gado sai bayan azahar, a kuma karɓe shi da hantsi, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, saboda haka wanda motar dare ta sauke shi da asuba sai ya ajiye jaka a ɗakin kaya ya fita yana gararamba cikin gari, ido na yaji. Da lokaci ya yi a miƙa masa zanin gado ya shimfiɗa da kansa, a nuna masa lambar gadonsa da ta lokarsa. Ɗakin na iya zama mai gado huɗu, ko takwas, ko har ashirin, gwargwadon yawan gadaje gwargwadon sauƙin kuɗi. Gadajen masu hawa biyu ne, na ƙasa ake rububi, domin mai shi ba ya hawan tsani cikin duhu, yana kuma iya rataya zani ya yi labule, wanda shi ne iyakar sirrin da kuɗinsa suka saya masa.

Daren ɗakin haɗaka shi ne babbar jarrabawar haƙuri. Mutum takwas ne daga ƙasa shida ko bakwai, babu wanda ya zaɓi ɗan'uwansa, kowa da lokacin barcinsa: wannan ya kwanta tun bayan isha'i don zai kama jirgin asuba, wancan sai ƙarfe uku zai dawo daga mashaya yana tangaɗi yana laluben tsani, na uku ya saki baki yana minshari har gadon ƙarfe na amsawa, ga kuma jayayyar da ba ta ƙarewa tsakanin mai son a ƙure na'urar sanyaya ɗaki da wanda ke rawar ɗari. Da ƙarfe biyar sai mai jirgin asuba ya tashi, ya tuna bai haɗa kayansa tun dare ba, ya shiga tono ledoji ɗaya bayan ɗaya cikin duhu, yana ƙoƙarin yi a hankali, alhali kuwa ƙarar leda a wannan lokaci ba ta san a hankali ba. Sai ka ji tsaki daga gadon sama, wani ya juya ya ja bargo, wani ya furta kalma da harshen da ba wanda ya iya amma kowa ya fahimci nufinta. Daga irin wannan ne aka sami ladubban da ba a rubuta su a ko'ina ba amma duk matafiyi ya san su, wato ba a kunna babbar fitila bayan an kwanta, ba a amsa waya cikin ɗaki, ba a shanya jiƙaƙƙen tawul a tsanin gadon wani, agogo in ya buga a kashe shi tun bugun farko, kaya kuma a haɗa su tun da dare. Wanda ya kiyaye waɗannan ana ganin mutuncinsa ko da ba a san sunansa ba.

A madafa kuwa ake gane mai guzuri da wanda nasa ya fara ƙarewa. Firji ɗaya ne ko biyu na kowa da kowa, sai mutum ya sa cefanensa a leda ya rubuta sunansa da ranar tafiyarsa, ranar da ma'aikata suka zo shara kuwa duk ledar da ba ta da suna a kwandon shara za ta kwana. Akwai kanta guda da aka keɓe wa abin da masu tafiya suka bari, rabin ledar taliya, da sauran man girki, da albasa biyu, da shinkafa kofi guda, wanda aljihunsa ya yi sanyi ya san darajar wannan kanta, ya kuma san a leƙa ta da hantsi daidai lokacin da ake sallama. Da magariba a yi layi a kan murhu, tukunya uku ga mutum ashirin, mafi yawan abin da ke cikinsu taliya ce da tumatirin gwangwani, kuma da wuya a kwana ba a ji mai cigiyar madararsa ko ƙwansa ba. Amma wannan a ƙasashen tsada ne, irin su Faransa da Ostareliya; a Tailan ko Biyetnam ko Indiya abincin bakin titi ya fi girkin kai araha, ƙa'idar da matafiya ke bi a can kuwa ita ce su ci a inda 'yan gari suka yi layi, kuma abin da aka sauke daga wuta a gabansu.

Mai kallon hotunan da mutumin nan ke aikowa gida yana zaton kullum cikin shagali yake, alhali babban rabon yininsa hidima ke cinye shi. Sai ya nemi inda ake canjin kuɗi ba tare da an zalunce shi ba, ya sayi layin waya na ƙasar, ya wanke riguna a wurin wanke hannu ya nemi inda zai shanya, ya binciki motar da za ta kai shi gari na gaba da gadon da zai kwana a can, wani lokaci kuma ya yini a layin ofishin jakadanci neman biza. A birane da yawa akwai zagayen gari da ƙafa wanda ba a yanke masa farashi, jagora ya kai mutane wuraren tarihi a ƙarshe kowa ya ba shi abin da ya sawwaƙa. Motar dare da jirgin ƙasan dare kuwa abin so ne gare shi, saboda tikiti ɗaya ya biya masa tafiya da kwana, ko da zai sauka wuya a sandare. Bayan wata biyu ko uku akwai wata gajiya da ke sauko wa kusan kowa, har mutum ya tsaya gaban ginin da mutane ke ƙetare teku don su gani, shi kuwa zuciyarsa na wajen inda zai sami inuwa da ruwan sanyi; masu hankali a nan sukan ya da zango a gari ɗaya mako guda ko biyu, ba su zuwa kallon komai.

Lissafinsa na kuɗi shi ma dabam ne, domin da kwanaki yake auna su. Mai dala 3,000 in yana kashe 100 a rana wata guda zai yi, in kuwa ya matse ya tsaya kan 30, zai yi kwana 100, wannan ne ya sa za ka ga mutum ya yi tafiyar rabin awa da jaka a baya don ya tsira da kuɗin tasi. A Nepal ko Biyetnam ana samun gado da ƙasa da dala 10, amma a Amsterdam ko Paris lokacin zafin Turai gadon ɗakin haɗaka na iya wuce yuro 40, shi ya sa ayarin ke kwarara zuwa inda kuɗin ƙasarsu ke da nauyi. In guzuri ya ja baya waɗansu sukan yi yarjejeniya da mai masauki, su yi aikin awa huɗu ko biyar a rana, gyaran gadaje ko tsaron kanta, a ba su gado da karin kumallo. Waɗansu su tafi gonaki ta hannun ƙungiyar WWOOF da aka kafa a Ingila a 1971, ko da yake hukumomin shige da fice na ƙasashe da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aiki, wanda bizar yawon buɗe ido ba ta halatta ba. Ostareliya kuwa tana ba samarin waɗansu ƙasashe bizar hutu da aiki ta shekara guda, wanda ke son ta biyu sai ya yi aikin kwana 88 a karkara, galibi tsinkar 'ya'yan itatuwa, kuma an sha kai ƙarar masu gonakin da ke amfani da wannan sharaɗi suna tauye haƙƙin ma'aikata.

Batun abota da kaɗaici shi ne ya fi ban mamaki, domin mutumin da ya fita shi kaɗai da wuya ya yini shi kaɗai. A zauren masauki tambaya uku ce ke buɗe kowace hira: daga ina kake, ina ka nufa, tun yaushe kake hanya; kafin a idar da kofin shayi an zama abokai, gobe a tafi kallon dutse tare, jibi a faɗa wa juna sirrin da ba a taɓa faɗa wa 'yan'uwa na jini ba, gata kuma kowa ya goya jakarsa. Abotar tasu irin ta fasinjojin doguwar mota ce, a ci gyaɗa tare a yi dariya tare, da an iso tasha kowa ya kama gabansa. Wanda ya daɗe a hanya yakan gaji da amsa tambayoyin nan uku, ya soma jin nauyin zama cikin mutanen da babu wanda ya san shi fiye da kwana uku, nauyin kuwa ya fi tsanani ranar idi ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a gadon sama ba mai miƙo masa ruwa. A da matafiyi sai ya isa babban gidan waya na wani birni kafin ya karɓi wasiƙar gida da ta yi makonni tana jiransa. Yau yana ganin fuskar mahaifiyarsa a waya kowane dare, wannan rahama ce, sai dai ta sa ana shiga zaure a tarar da mutum goma zaune kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa. Duk da haka tafiyar mutum ɗaya na da falalar da ayari ba shi da ita, don 'yan gari sun fi saurin kiran baƙo guda cin abinci a gida fiye da taron mutum biyar masu hira da harshensu.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa wani lokaci har lafiya takan taɓa. Gudawa ita ce ta fi yawa, sai zazzaɓin da sauro ke kawowa, sai haɗarin babur na haya, wanda ke raunata baƙi da yawa a Tailan da Bali, kamfanin inshora kuma yakan ƙi biya in mutum ba shi da lasisi. Sata galibi ƙarama ce, wayar da aka bari a caji ko kuɗin da aka manta ƙarƙashin matashi. Gazunzumi kuwa ba ya bambanta masaukin tsada da na araha, sai dai yawan shige da fice na taimaka masa, shi ya sa wanda ya goge yake ɗaga katifa ya duba ɗinkinta kafin ya kwanta, ba ya kuma ɗora jakarsa a kan gado. Akwai kuma manyan masifu waɗanda, ko da yake ba kullum suke aukuwa ba, sun isa wa'azi: a watan Yunin 2000 wani mutum ya cinna wa wani masauki wuta a garin Childers na Ostareliya, matafiya 15 suka rasu, a watan Nuwamban 2024 kuma baƙi shida suka mutu a Vang Vieng ta ƙasar Lawos bayan sun sha giyar da ta gurɓata da guba. Saboda haka duba ƙofar tsira daga gobara tun daren farko wajibi ne. Mata masu tafiya su kaɗai kuwa nauyinsu ya ninka, sukan nemi ɗakin mata zalla, su tsara tafiya yadda za su isa gari da rana, su kuma sanar da wani na gida inda suka sauka.

Musulmin da ya shiga wannan hanya yana da nasa ƙarin lissafi. Da yawan ɗakunan maza da mata ne a haɗe, sai ya nemi na maza zalla ko ya ƙara kuɗi ya kama na shi kaɗai; waɗansu masaukan mashaya ce a ƙasa gadaje a sama, sai ya bincika tun kafin ya biya; banɗakin Turai babu buta, gorar ruwa ce ke tsaya masa; tukunyar madafa kuma ba a san abin da aka dafa a cikinta jiya ba, sai an wanke ta da kyau ko a riƙe 'yar tukunya ta kai. Wurin salla ɗan filin da ke tsakanin gadaje ne, alƙibla a waya, kuma mafi yawan abokan ɗaki in an yi musu bayani da ladabi sukan kauce su ba da wuri. Shari'a ta yi masa rangwame, domin a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru a cikinta, sai fa in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, sannan ya cika salla. Hukuncin tafiyar mace ba tare da muharrami ba kuwa magana ce ta malamai, a koma gare su kafin a sayi tikiti. Yana kuma da wata ƙofa da sauran matafiya ba su da ita, wato masallaci, domin wanda ya halarci Juma'a a Sarayebo ko Penang ko Zanzibar zai fito da sanin mutanen gari fiye da wanda ya yi mako a zauren masauki.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya, wannan 'yanci ba a raba shi daidai tsakanin bayin Allah ba. Mai fasfon Jamus ko Japan yana shiga ƙasashe fiye da 180 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, mai fasfon Nijeriya kuwa nasa ba su kai 50 ba. In yana son shiga ƙasashen Turai na yarjejeniyar Schengen sai ya biya yuro 90, ya kawo inshorar lafiya ta yuro 30,000, da bayanin asusun banki, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, in an hana shi kuma kuɗinsa sun tafi. Ga shi kuwa daɗin wannan tafiya duka yana cikin rashin sanin inda za a kwana mako mai zuwa, abin da ofishin jakadanci ba ya karɓa daga irinmu. Amma ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, don yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zaman kwana 90 ba biza, Ruwanda ma ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofarta, Bahaushen da ya bi ta Kwatano da Lome ya isa Nima a Akara ko zangon Kumasi kuwa zai tarar da harshensa ya riga shi isa.

Saura masu gari, waɗanda su ake yawan mantawa da su. Amfanin mai jakar goyo gare su a fili yake, don yana daɗewa fiye da baƙon babban otal, kuɗinsa kuma suna faɗawa kai tsaye hannun ƙananan mutane, mai ɗakin haya da mai abincin bakin titi da mai wanki da mai keke. Illarsa ma a fili take. Titin Khao San, wanda tsawonsa bai wuce mita 400 da 'yan kai ba, a da kasuwar shinkafa ce cikin unguwar mutane, yau mashaya ce da shagunan tsaraba. A Vang Vieng shaye-shaye a bakin kogi ya yi ta cin rayukan baƙi har hukuma ta rufe mashayun a 2012. Ƙasar Butan kuwa da ta ga abin da ya sami maƙwabta sai ta ɗora wa baƙin yawancin ƙasashe harajin dala 100 a kowane dare. Mafi muni shi ne tsumulmular da ke sa wanda ya biya kuɗin jirgi daga wata nahiya ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa mai talla a kan abin da bai kai kuɗin shayinsa a gida ba, ko ya shiga wurin ibadar mutane da shigar da ba zai je da ita gidan surukansa ba. Akwai kuma wanda zai yi wata shida daga masauki zuwa masauki, yana cin abincin da aka dafa don irinsa, yana hira da irinsa, ya koma gida bai san sunan mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba in ban da mai miƙo masa makulli.

Hukuncinmu a nan shi ne, cinikin mai jakar goyo halattacce ne, kuma yana iya zama mai albarka, domin yana koya wa mutum ƙana'a da haƙuri da zama da wanda ba addininsu ɗaya ba, ya kuma nuna masa ƙarancin abin da ɗan Adam ke bukata a haƙiƙa. Amma masauki wurin kwana ne kurum, ilimin yana waje, a kasuwa da masallaci da motar haya da gidajen mutane, kuma ba ya samuwa sai ga mai tambaya da ladabi. Saboda haka muna kira ga samarinmu da Allah ya hore wa hali da sha'awar ganin duniya, su nemi yardar iyaye, su tsarkake niyya, su yi guzurin da zai kai su ya dawo da su ba tare da roƙo ba, su fara da ƙasashen maƙwabta kafin su hango na nesa, su koyi gaisuwa da godiya cikin harshen duk garin da suka sauka, kuma su biya talaka haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba. Allah ya kai kowane matafiyi lafiya, ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.